ZANEN ARO BA YA RUFE KATARA

Daga Jami'in Ilmi, Birnin Kudu

A watan jiya wata takarda ta iso ofishinmu daga wata makaranta ta ƙasar Gwaram, da sa hannun hedimasta da shugaban kwamitin iyayen yara. Suna roƙo a yarda musu su kashe kuɗin da suka tara a sayo kwamfutoci goma irin waɗanda a ke harhaɗawa a kasuwa, a ɗora musu manhajar kamfanin Apple wadda a ke kira macOS. Hujjarsu ita ce wai an gaya musu da kuɗin kwamfutar Apple guda ɗaya sai a haɗa irin waɗannan uku ko huɗu, aikin kuwa duk ɗaya ne. Mun mayar musu da amsa cewa ba mu ba da shawarar haka ba. To, tun da ya ke mun ji ƙishin-ƙishin irin wannan magana a waɗansu makarantu da ofisoshi, mun ga ya kamata mu kawo dalilanmu a fili, domin malaman makaranta, da akawuna da ma'ajin ƙananan hukumomi waɗanda takardun sayen kaya ke bi ta hannunsu, su san abin da su ke sa wa hannu.

ABIN DA MUKA GANI A ZANDAM

Bari mu fara da abin da idonmu ya gani. Bara, muna rangadi, muka sauka wata makarantar sakandare a yankin Zandam. Muka tarar da hedimasta da akawunsa da malamai biyu sun kewaye wata kwamfuta sun yi jugum, kamar masu jinya. Allonta ba ya nuna kome sai hoton 'ya'yan itacen nan da aka gatsa, watau alamar Apple, da wani ɗan layi a ƙarƙashinsa wanda ya tafi rabi ya tsaya cik. Mako uku ke nan tana haka. A cikinta kuwa akwai makin jarrabawar yara na zango uku, da sunayen 'yan ajin ƙarshe da ranakun haihuwarsu waɗanda za a aika domin rajista, da lissafin kuɗin kwamitin iyaye. Babu kwafin ko ɗaya a wani wuri.

Wanda ya haɗa na'urar wani saurayi ne ɗan bautar ƙasa da aka turo musu, yaro mai hazaƙa da son aiki. Da hannunsa ya sayo kayanta ɗaya ɗaya a Kano, ya haɗa, ya ɗora mata macOS, domin yana koyon ƙirƙirar manhajojin wayar iPhone, kayan wannan aiki kuwa, wanda a ke kira Xcode, ba ya tashi sai a kan macOS. Muddin yana nan na'ura ta yi aiki sumul, har aka mai da dukkan rubuce-rubucen makaranta cikinta. Amma bautar ƙasa shekara ɗaya ce tun ran da aka kafa ta a 1973. Da wa'adinsa ya cika, ya bar musu ita kyauta, ya koma garinsu. Aka tafi dogon hutu, aka dawo, aka kunna, ta ƙi.

Aka kira wani mai gyara daga cikin gari. Ya duba ya duba, ya ce shi bai san wannan ba, amma a ba shi izini ya goge faifan ya ɗora Windows, kafin la'asar za ta tashi. Allah ya taimaka akawun ya tambaye shi, to, makin yara fa? Ya ce ai su ma za su tafi. Aka cire faifan aka jona wa wata kwamfutar mai Windows, ba ta gane rubutun da ke cikinsa ba, gama tun 2017 macOS tana tsara faifanta bisa wani tsari nata mai suna APFS wanda Windows ba ta karanta shi da kanta. Sa'an nan kowa ya shiga kawo tasa dabarar, wannan ya taɓa nan, wancan ya juya can, har ba wanda ya san yadda saitin ya ke da farko.

Daga bisani aka samu saurayin nan ta waya. Tambayarsa ta fari ita ce, agogon na'urar wace rana ya ke nunawa? Aka duba, sai ga shi ya koma baya shekaru. Ya ce a buɗe akwatin, za a ga wani ɗan batir fari mai kama da kwabo, lambarsa CR2032, a sake shi. Ashe batirin nan ne ya mutu cikin hutu, sai na'urar ta manta saitunan da ya yi mata, ta koma kan waɗanda masana'anta ta bar ta da su, waɗanda macOS ba ta jituwa da su. Aka sake batir, ya yi ta faɗa wa akawu saitin ɗaya bayan ɗaya ta waya, har ta tashi. Kuɗin batirin bai kai na kwanon gero ba, amma da an rasa lambar wayar yaron nan, da aikin shekara guda ya salwanta.

ME YA SA TA KE DA WUYAR SHA'ANI?

Wani zai ce, ai kowace kwamfuta batirinta yana mutuwa. Gaskiya ne. Amma mai Windows ko Linux, in haka ta same ta, galibi sai ta yi ƙorafin agogo ta ci gaba da aiki, in ma ta ƙi, kowane mai gyara ya san inda zai taɓa. Bambancin ya samo asali ne daga yadda aka yi macOS, kuma ya kamata mai karatu ya fahimce shi.

Kamfanin Microsoft yana yin Windows ne domin ta hau kwamfutar kowane maƙeri. Shi kuwa Apple, shi ke ƙera na'urarsa, shi ke yin manhajarta, kamar tela ne da ya auna mutum ɗaya ya ɗinka masa riga. Da can ƙwaƙwalwar da ke cikin kwamfutocin Apple dabam ta ke da ta sauran, saboda haka ba wanda ya yi mafarkin ara. A watan Yuni na 2005 shugaban kamfanin, Steve Jobs, ya ba da sanarwar za su koma amfani da ƙwaƙwalwar Intel, irin wadda ke cikin kwamfutocin gama-gari, na farko kuwa suka fito a Janairun 2006. Tun daga nan masu ƙwaƙƙwafi a ƙasashe dabam dabam suka ce, tun da ciki ya zama ɗaya, me zai hana rigar wannan ta shiga wancan? Suka yi ta ƙoƙari har suka ci nasara, aka raɗa wa irin wannan na'ura suna Hakintosh.

Ga yadda a ke yi. A kan sa wata 'yar manhaja a gaba, wadda ke fara tashi kafin macOS. A da an fi amfani da wadda a ke kira Clover, daga baya OpenCore ta maye gurbinta a wurin yawancin masu wannan sha'ani. Aikinta kamar na tafinta ne mai wayo: ta gaya wa macOS cewa wannan akwati na Apple ne, har ta ba shi suna da lamba irin nasu, sa'an nan ta tsaya tsakani tana fassara. Bayan ita akwai waɗansu ƙananan manhajoji da masu sa kai suka rubuta, kowace da gaɓar da ta ke lallashi: Lilu ita ce uwarsu, WhateverGreen tana kula da hoto, AppleALC da sauti, VirtualSMC kuwa tana kwaikwayon wani ɗan guntu da ke cikin kwamfutar Apple ta ainihi, wanda in macOS ba ta ji motsinsa ba, ba za ta tashi ba. Duk waɗannan a kan tsara su cikin wata takardar saiti guda mai layuka masu yawa. Kowace na'ura da irin tata takardar, gwargwadon kayan da ke cikinta. Kuskuren harafi ɗaya ya isa ya hana tashi.

Saboda haka cututtukanta sanannu ne ga masu ita. In allo ya yi baƙi ƙirin bayan alamar Apple, galibi katin hoto ne: tun daga macOS Mojave ta 2018 sababbin katunan Nvidia ba su aiki da ita, sai a nemi na AMD irin su RX 580. In babu sauti, sai a yi ta gwada lambobi ɗaya ɗaya har a dace da wadda ta yi daidai da allon ciki. In wata kafar jona filash tana aiki wata ba ta yi, dalili shi ne macOS ba ta lissafa kafa fiye da 15 a kan mai sarrafawa guda, sai mutum ya zauna ya zana mata taswirar waɗanda ya ke so. In na'ura ta yi barci ta ƙi farkawa, wannan wani babi ne dabam. Mafi muni kuwa, duk sa'ad da Apple ya sabunta manhajarsa, mai yiwuwa ne abin da ke aiki jiya ya mutu yau. Misali, da Sonoma ta fito a 2023, sai ta daina gane tsofaffin katunan Broadcom na kama intanet ba waya, waɗanda masu Hakintosh suka daɗe suna dogara da su. Apple bai yi wa kowa laifi ba, gama bai taɓa alkawarin rigarsa za ta shiga wanda bai auna ba.

To, ku haɗa wannan da halin ƙasarmu. Ƙurar hunturu tana toshe fanka, zafin bazara yana dafa kayan ciki, wuta tana zuwa tana ɗaukewa ba sallama, janareta yana hawa yana sauka. Na'urar da ke tsaye da ƙafafunta ma tana jin jiki, balle wadda ke tsaye bisa dabara.

YABON GWANI YA ZAMA DOLE

Kada a ɗauka muna kushe saurayin nan ko ire-irensa. Ko kusa. Haɗe-haɗe ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Iyayenmu sun ga yadda kafintoci ke ɗora bodin katako a kan ƙashin babbar mota, ta ɗauki gyaɗa da fasinja shekara da shekaru. Har yau makanikai a Birnin Kudu da Gwaram suna ta da injin niƙa da injin ban-ruwa da kayan da wanda ya ƙera su bai taɓa tunani ba. Kwamfutar haɗi ita kanta ba aibu gare ta: wanda ya je titin Beirut a Kano ya zaɓi kaya masu kyau aka haɗa masa, sau da yawa ya fi wanda ya sayi ƙulli cin riba, domin in gaɓa ɗaya ta lalace sai ya sake ta ita kaɗai. Abin da mu ke magana a kai shi ne manhajar da a ke tilasta wa zama a gidan da ba nata ba.

Har ma mu kan ce, yaron da ya iya ta da Hakintosh ya koyi wani abu da yawancin masu takardar shaida ba su koya ba, watau bin sawun cuta har a kai ga tushenta. Da muka zauna muka yi nazarin yadda saurayin nan ya warware matsalar ta waya, sai muka ga hanyarsa ita ce wadda aka koya mana a kwalejin horon malamai game da yaron da ya kasa karatu: kada ka ce daƙiƙi ne, nemi harafin da ya tsaya a kai. Ga ƙa'idodin, kuma suna da amfani ga kowace na'ura, har firinta da injin sola.

Na farko, a tambayi abin da ya sauya. Na'urar da ta yi aiki jiya ta ƙi yau, lalle wani abu ya auku tsakani: an sabunta manhaja, ko an jona sabon abu, ko wuta ta ɗauke tana tsakiyar aiki, ko ta daɗe a kashe. A Zandam amsar ita ce dogon hutu, agogo kuwa ya ba da shaida.

Na biyu, a sa na'ura ta yi magana. Alamar Apple labule ce kawai. Akwai umarni ɗan ƙarami, harafin v da 'yar karan ɗori a gabansa, wanda in an sa shi cikin saitin tashi, sai labulen ya yaye, rubutu ya riƙa gudu a allo yana faɗin abin da a ke yi. Layin da rubutun ya tsaya a kai, nan ne bakin zaren. A ɗauki hotonsa da waya kafin a taɓa kome. Likita ba ya ba da magani sai ya ji daga bakin majinyaci.

Na uku, a sauya abu ɗaya tak a lokaci guda, a gwada, a rubuta sakamako. Wanda ya juya abu biyar na'ura ta tashi bai san wanne ya gyara ba, in kuma ta ƙara lalacewa bai san wanne zai mayar ba. Wannan shi ne kuskuren da ya mai da ciwon yini ɗaya ya zama na mako uku.

Na huɗu, a fara da mai arha kafin mai tsada. A duba waya, da soket, da batir, da ƙura, kafin a zargi ƙwaƙwalwa. A cire duk abin da ba dole ba, a bar na'ura da allo da madannai kaɗai, in ta tashi a riƙa mayarwa ɗaya ɗaya har mai laifi ya bayyana.

Na biyar, a ajiye hanyar komawa. Masu Hakintosh na ƙwarai ba su sabunta kome sai sun kwafe saitin da ke aiki a filash sun adana, domin in sabon ya ƙi su tashi da tsohon. Saurayin nan ya san haka, amma ya tafi da saninsa cikin kansa, bai bar wa makaranta ko layi ɗaya a rubuce ba. Nan ne kaɗai mu ke ganin ya gaza, mu ma da ke duba makarantu mun gaza tare da shi, da ba mu tambaya ba.

ABIN DA YA HALATTA GA MUTUM, BAI HALATTA GA HUKUMA BA

To, in abin yana da wannan amfani, don me muka hana? Dalilanmu uku ne.

Na ɗaya, amana. Saurayi a ɗakinsa, da kuɗinsa, da lokacinsa, in na'urarsa ta ƙi tashi shi kaɗai ya yi hasara, ya kuma ƙaru da ilmi. Makaranta kuwa da ofis ba haka su ke ba. Malami a kan yi masa canjin wuri, akawu ya kan yi ritaya, ɗan bautar ƙasa ya kan tafi, amma rajista tana nan. Dattawan da suka yi aiki zamanin En'e, kafin gyaran ƙananan hukumomi na 1976, za su gaya muku cewa littafin haraji da na baitulmali an tsara su ne yadda in malami ya faɗi yau, wani zai buɗe gobe ya ci gaba daga inda ya tsaya. Wannan ita ce ƙa'idar aikin hukuma, kuma shigowar kwamfuta ba ta shafe ta ba. Duk na'urar da mutum ɗaya ne kawai ya san sirrinta a faɗin ƙaramar hukuma, ba ta cancanci riƙe takardun jama'a ba. Daga Zandam, in abu ya gagara, sai an bi ta Birnin Kudu da Wudil an kai Kano, can ma ba kowane shago ne ya san wannan aiki ba.

Na biyu, sharaɗi. Yarjejeniyar da Apple ke gindaya wa mai amfani da macOS ta faɗa a sarari cewa ba a yarda a ɗora ta a kan na'urar da ba tasu ba. A 2008 wani kamfani a Amurka mai suna Psystar ya fara sayar da kwamfutocin haɗi ɗauke da ita. Apple ya kai ƙara a wannan shekara, a ƙarshen 2009 kotu ta ba Apple gaskiya, ta hana cinikin. Ba mu ce gobe wani zai zo daga Amurka ya kama hedimasta a Gwaram ba. Amma makaranta wurin tarbiyya ce. Yaya za mu koya wa yara cika alkawari da safe, da rana kuma mu zaunar da su gaban na'urar da ke tashi da sunan aro da lambar aro? Yaya kuma ma'aji zai rubuta irin wannan a takardar biya, ya kare ta gaban mai binciken kuɗi?

Na uku, wanda ya fi duka nauyi, hanyar ta zo ƙarshe. A watan Yuni na 2020 Apple ya ba da sanarwar zai bar Intel ya koma ƙera ƙwaƙwalwarsa da kansa, ta farko mai suna M1 ta fito a Nuwamban wannan shekara. Ita wannan ba a sayar da ita a kasuwa balle a haɗa. A watan Yuni na 2025 kuma ya bayyana cewa macOS Tahoe, wadda ta fito a Satumban 2025, ita ce ta ƙarshe da za ta hau na'ura mai Intel. Abin da ya rage sai 'yan gyare-gyaren tsaro na wani lokaci, sa'an nan a rufe ƙofa. Ƙofar da aka buɗe a 2006, wadda Hakintosh ta shigo ta cikinta, ita ce a ke rufewa. Wanda ya zuba kuɗin iyayen yara cikin irin wannan na'ura yanzu, ya sayi doki ne ranar da kasuwar ciyawa ta tashi.

Game da arha kuwa, a yi lissafi duka. A haɗa kuɗin katin hoto na musamman, da na kama intanet na musamman, da kuɗin mota zuwa Kano, da makonnin da yara za su zauna ba darasi. Arha ba ta ado. Wanda lalle aikinsa na bukatar macOS, kamar mai yin manhajar iPhone, ko mai tace fim da sauti irin na masana'antar finafinan Kano da ya saba da Final Cut ko Logic, gara ya nemi ta ainihi ko da ta hannu ce. Ƙaramar nan da a ke kira Mac mini, wadda ta fito a 2024, dala 599 aka sa mata a Amurka sa'ad da ta fito. Kuɗi ne mai yawa a naira, ba mu musa ba, amma guda ɗaya mai aiki ta fi huɗu masu taurin kai.

ME YARANMU KE BUKATA?

Mu tambayi kanmu, don me mu ke son kwamfuta a makarantar ƙauye? Hukumar JAMB ta fara jarrabawa da kwamfuta a 2013, daga 2015 kuwa ta mai da ita duka haka. Yaron Zandam da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba zai zauna ɗaki ɗaya da ɗan Legas da ya tashi da ita, lokacinsu ɗaya. Abin da ya ke bukata shi ne hannunsa ya saba da madannai, ya iya buɗe takarda, ya rubuta, ya adana, ya yi lissafi cikin jadawali, ya nemi abu a intanet ya kuma san na gaskiya da na ƙarya. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ke bukatar macOS. In ya gama ya samu aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma, ko a asibiti, ko a Dutse, abin da zai fi tararwa a kan tebur Windows ce.

Sai dai a nan ma akwai jan kunne. Microsoft ya daina kula da Windows 10 ran 14 ga Oktoba 2025, ita kuwa Windows 11 ba ta yarda da tsofaffin na'urori da yawa irin waɗanda a ke shigo mana da su na hannu. Masu sayarwa su kan yi mata dabara su tilasta ta, ko su ɗora wadda ba ta da lasisi. Wannan ma zanen aro ne, launinsa ne kawai dabam. In makaranta za ta sayi mai Windows, ta tabbata na'urar ta cika sharuɗɗan Windows 11, lasisinta kuma na halal ne, a rubuta haka cikin takardar ciniki.

Ga tsofaffin na'urori kuwa akwai mafita mai tsabta. Manhajar Linux, wadda wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan mai suna Linus Torvalds ya fara a 1991, kyauta ce bisa doka, kowa na da izinin ɗora ta a kan kowace na'ura, ya kwafa ya ba maƙwabcinsa. Ire-irenta kamar Ubuntu da Linux Mint suna tashi a kan kwamfutocin da Windows 11 ta ƙi, akwai kuma LibreOffice ta rubutu da lissafi, ita ma kyauta. Yaro mai ƙwaƙƙwafi, irin wanda Hakintosh ke burge shi, zai samu filin wasa a nan wanda ya fi faɗi, ba kuwa wanda zai rufe masa ƙofa. Irin waɗannan yara ne ya kamata malamai su lura da su, su nuna musu hanyar makarantar koyon fasahar kwamfuta ta Kazaure, ko Jami'ar Tarayya ta Dutse wadda aka kafa a 2011.

SHAWARARMU

Ga malaman ofis: duk takardar sayen kwamfuta da ta zo gabanku, ku yi tambaya uku kafin ku wuce da ita. Wace manhaja ce a kai, kuma ina shaidar halaccinta? In ta lalace, su wane ne mutum biyu cikin ƙaramar hukumar nan da za su iya gyara ta? In ta mutu ɗungum, ina kwafin abin da ke ciki? In ba a amsa ukun nan ba, ku mayar da takarda.

Ga hedimastoci da malamai: kowace kwamfuta a yi mata littafi, kamar yadda kowace makaranta ke da littafin da hedimasta ke rubuta abin da ya auku. A rubuta kayan da ke cikinta, da saitinta, da kalmar sirrinta a wurin da ya dace, da ranar da aka taɓa ta, da wanda ya taɓa, da abin da ya yi. Kowace Jumma'a a kwafe makin yara da rajista a filash biyu, ɗaya a ofis ɗaya a gidan hedimasta, ƙarshen zango kuma a buga a takarda a sa cikin fayil. Kada a bar ɗan bautar ƙasa ko wani malami ya tafi sai ya zaunar da mutum biyu ya koya musu, ya kuma sa hannu a littafin. A rufe na'ura da ƙyalle lokacin hunturu, a busa mata ƙura kowane zango, a ajiye ɗan batirin nan guda biyu cikin aljihun tebur.

Kwamfutar nan ta Zandam tana nan har yau. Mun sa an kwashe takardun makaranta daga cikinta an mai da su wata, ita kuwa an bar wa ƙungiyar yara masu sha'awar na'ura, su kwance, su ɗaura, su ɓata, su gyara, da sharaɗin duk abin da suka taɓa su rubuta. Makarantar da ta aiko mana da takarda kuma mun ba ta shawara ta rage yawan kwamfutocin, ta sa ragowar kuɗin cikin sola da batir, ta tura malamai biyu koyon gyara. Kuɗin nan iyaye ne suka tara shi daga gero da riɗi da awaki, hakkinsu ne a kanmu mu sayo musu abin da zai yi aiki bayan mu duka an ɗauke mu daga wurin.

Allah ya ba mu ikon riƙe amana, amin.